Hannun Daman Habu Turmi

A Edirne na fara yi wa Habu ƙarya, kuma ƙarama ce, a kan hanta. Muna zaune a wani gidan abinci kusa da babban masallacin garin aka dire mana faranti cike da soyayyar hanta, an yanka ta sirara-sirara, ga busasshen barkono a gefe. Mai gidan ya tsaya a kanmu ya yi dogon jawabi yana nuna farantin. Habu ya ɗago kai ya dube ni.

"Mushe, me ya ce? Yankan Musulmi ne?"

"Ya ce ta saniya ce, da asuba aka yanka," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba.

Ko kalma ɗaya ban ji ba cikin abin da mutumin ya faɗa. Ladan dai na ji yana kiran azahar, na ce a raina garin da ake kiran salla ba za a ba mu haram ba. Habu ya yi bisimilla ya cinye nasa, ya ƙara da rabin nawa.

Habu Turmi ɗan kokawa ne na wani ƙauye gabas da Sassumburum. Shekara shida babu wanda ya kai shi ƙasa tsakanin Magariya da Dungas. Ni kuwa mutumin Dungas ne, aikin koyarwa ya kai ni lakwal ɗin ƙauyensu, wato makarantar boko, shi ya sa yaro da babba ke kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Wani ne ya ɗauki kokawar Habu a waya ranar kasuwa, hoton ya yi ta yawo har ya faɗa hannun wani mutum mai suna Rustam, wanda sana'arsa kai 'yan kokawar gargajiya daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ya nemi Habu, ya kuma nemi wanda zai yi masa tafinta. A ƙauye babu dogon tunani: wanda ya yi boko yana jin Nasaranci, kuma Nasaranci ai guda ne. Faransanci kam ina jinsa kamar ruwa. Ingilishin da na ɗan taɓa a kwaleji kuwa tuni ya yi tsatsa. Rustam da Ingilishi yake rubuto saƙo, ni kuma in sa waya ta juya mini shi, in rubuta amsa ta mayar. Shi bai sani ba, mutanen gari ba su sani ba, cewa waya ce tafintan, ni ɗan riƙo ne kawai. Ina son ganin duniya, kuma shekara goma sha biyar ina tsaye gaban allo ban taɓa ce wa wani mahaluki ban sani ba.

Abu ɗaya zan faɗa game da tashinmu. Mahaifiyar Habu, Iya Gambo, ta kama hannunsa na dama ta sa a nawa, ta ce, "Mushe, kai ne kunnensa, kai ne bakinsa. Yadda na ba ka shi, haka za ka maido mini shi." An gama noman farko a lokacin. Alkawari shi ne mako biyar, mu dawo kafin ciyawa ta sake rufe gero.

Kokawar Edirne a kan ciyawa ake yinta, da wandon fata, a bulbule wa mutum man zaitun tun daga kai har ƙafa. Habu ya tsaya yana kallon butocin man da ake tuttulewa ya ce, "Kai, wannan man na yau kaɗai ya ishi matan Sassumburum suyar ƙosai har kaka." Yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin kawunsa da ya koya masa kokawa: ba ya shiga fage sai ya san abu uku, ina ake kamawa, mene ne kaye, me aka hana. Yakan ce kokawar kowane gari mai gida ce, sai an yi mata sallama. A Edirne bai buƙace ni ba, don wuni guda ya yi yana kallo, ya ga yadda suke birgima a ƙasa ba a ɗaga hannun kowa ba sai an kifar da mutum cikinsa ya dubi sama. Da aka shafe shi da mai aka haɗa shi da wani, sai suka yi ta sulɓe wa juna har lokaci ya ƙare, babu kaye.

A nan ne Rustam ya fito da kayan da yake so Habu ya riƙa sawa: wata fatar damisa ta roba da bantan kaba, maimakon walkinsa. Habu ya juya fatar ya ajiye.

"Mushe, gaya masa ni ɗan kokawa ne, ba birin wasa ba."

 Na yi wa Rustam 'yan kalmomi uku da murmushi, ya yi mini nasa guda ɗari, na juyo na ce wa Habu dokar ƙasar ce, baƙo ba ya shiga fage da fatar gida. Ya ɗauka ya sa. Na ga yadda ya sunkuyar da kai ana ɗaukarsa hoto, na ji kunya, amma kunyar ba ta kai ta buɗe mini baki ba.

Zango na biyu Ciyatura ne, a ƙasar Jojiya. Ban taɓa ganin garin da ya sa ni baƙin ciki haka ba. Yana cikin wani kwazazzabo mai zurfi, kogin da ya ratsa shi baƙi ƙirin saboda ma'adinin da ake haƙa, dogayen benaye a bisa duwatsu rabinsu babu kowa, tagoginsu a farfashe. Mutane ba sa hawa unguwanninsu da ƙafa, sai a cikin wasu akwatunan ƙarfe masu tsatsa da ke rataye a igiya, suna lilo a sararin Allah. Turmin da maza ke gudu a fage, da muka shiga akwatin nan sai ya durƙushe ya rungume ƙafata yana karanta duk abin da ya iya, har da addu'ar shiga kasuwa. Na yi masa dariya ranar, dariyar da har yau nake tunawa.

Tsohuwar da ke ja da sakin akwatin a tashar sama ta gan shi yana rawar sanyi cikin 'yar rigar shadda. Ta shiga ɗakinta ta fito da burodi mai cuku a ciki da wata tsohuwar rigar sanyi, ta sa masa da hannunta, ta gyara masa wuya, tana magana a hankali. Ya zauna kusa da ita suka yi kusan rabin sa'a, ita da yarenta shi da Hausarsa. Da muka fito ya ce, "Rigar ɗanta ce. A ramin ma'adini ya rasu, girmanmu ɗaya da shi."

"Ya aka yi ka ji?" na ce.

"Ai ba da baki ta faɗa ba, Mushe."

Kokawar mutanen garin da riga ake yi, ana kiɗa da busa irin na algaita, kuma kowa sai ya ɗan taka rawa kafin a kama. Wannan ta yi wa Habu daɗi. Ya kalli uku, ya shiga ta huɗu, ya nannaɗe mutuminsa ya buga da ƙasa. Sai ya yi abin da ake yi a gida: ya miƙa masa hannun dama ya tashe shi, ya karkaɗe masa baya. A wurinmu wannan ba ado ba ne, wajibi ne. Da zarar gwiwar mutum da hannunsa sun taɓa ƙasa kokawa ta ƙare, sai ka sake shi ka ba shi hannu, don gobe a kasuwa ɗaya za ku haɗu, wataƙila ma ƙanwarsa kake aure. Mutanen Ciyatura suka yi ta tafi, wani tsoho har ya sumbaci Habu a goshi.

Daga nan muka haye duwatsu masu ƙanƙara a kai, muka yi wuni guda a bakin iyaka, inda Rustam ya karɓi fasfonmu ya ce zai adana mana, bai kuma sake ba mu ba. Bayan kwana biyu a mota duwatsun suka ƙare, ƙasa ta miƙe shimfiɗe babu ko tudu, ciyawa ta bushe ja-ja, ga tumaki can nesa. Habu ya manna fuska a gilashi ya ce, "Mushe, ga hanyar Dungas!"  Garin sunansa Elista. Mutanensa fuskarsu irin ta 'yan Sin, amma aka ce mana har yanzu muna cikin Turai. Raƙumansu tozo biyu, shayinsu da madara da gishiri da man shanu. A tsakiyar gari akwai wani farin gini mai hawa-hawa, a cikinsa wani gunki na zinariya zaune, wanda ya fi itacen gawo tsawo. Habu ya leƙa sau ɗaya ya ja da baya yana istigfari, amma da ya ga tsofaffi suna cire takalmi a ƙofa ya ce, "Su ma dai sun san ladabi."

A Elista wayata ta mutu a matsayin tafinta. Babu rezo, layin da na saya a baya ba ya aiki a ƙasar. Kuma a nan ne aka kira Habu a kokawar farko, don girmama baƙo, kafin ya kalli ko ɗaya. Alƙalin wasa ya yi bayani, Rustam ya juya mini da Ingilishi cikin sauri, Habu ya matso da tambayoyinsa uku.  Na dubi mutanen, na ga makiyaya ne kamar namu, na rufe ido na ce, "Ya ce kamar ta gida ce."

Allah da ikonsa, kamar ta gidan ce. Gwiwa ta taɓa ƙasa, an gama. Habu ya kada mutum uku a jere, aka ba shi rago mai rai, wanda Rustam ya sa aka tafi da shi ba mu sake ganinsa ba. Muna komawa masauki Habu ya dafa kafaɗata.

"Mushe, ashe har yaren waɗannan kana ji?"

"Kaɗan-kaɗan," na ce.

"Wallahi Rabi da Zulai sai sun yi karatu irin naka. Ko me 'yan unguwa za su ce."

'Ya'yansa ne mata biyu, duka a ajina suke. Shi ne ya fara kawo su lokacin da iyaye ke ɓoye yara a rumbu in sun hango ni, da mutane suka ga Turmi ya kawo nasa sai suka biyo baya. Da ina da sauran hankali, a wannan ranar zan ce masa, Habu, sa'a ce kawai, ban ji komai ba. Amma yabo yana da daɗi, kuma wanda ya ci caca sau ɗaya gani yake ya iya.

Aktau gari ne a bakin wani teku da ba ya haɗe da kowane teku, a ƙasar Kazakistan. Titunansa ba su da suna, lamba ce kawai: unguwa ta kaza, bene na kaza, ƙofa ta kaza. Babu itace, sai iska da farin dutse. Kwana goma sha ɗaya muka yi muna jiran jirgin ruwan da babu wanda ya san ranar zuwansa. Mako biyar ɗinmu sun cika sun wuce. Babu kokawa a nan, don haka kullum da la'asar Rustam yakan kai Habu bakin teku cikin fatar roba, ya tsayar da shi masu yawo su ɗauki hoto da shi, wasu har su shafa masa damtse.

Otal ɗin yana da intanet, saƙonnin gida suka shigo gaba ɗaya. Dije matar Habu ta ce ruwa ya yi yawa bana, ciyawa ta fi ƙarfinsu, ita da Iya ne ke maimai da kansu, bayan Iya ya riƙe. Habu ya saurara sau uku. Ya daina cin abinci sosai, rigar ɗan tsohuwar nan ta fara yi masa yawa. Abin da ya ɗan dawo da shi, wata rana a kasuwa ya tsaya cak gaban wani buhu, ya ɗebi abin da ke ciki ya shinshina. Gero ne, soyayye, ƙananan ƙwaya. Matar da ke sayarwa ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta zuba masa a kwano, ta kwarara masa nono mai tsami, ta ƙi karɓar komai. Ya zauna a ƙasa nan cikin kasuwa ya shanye, ya ce, "Ba fura ba ce, amma 'yar'uwarta ce."

A ranar ya ce in gaya wa Rustam ya ba mu fasfonmu, gida za mu. Wannan kam na yi ƙoƙari. Na shiga banɗaki na sa waya ta rubuta mini, na haddace, na je na karanta masa kamar ɗan aji biyu. Ya yi dariya ya bubbuga bayana, ya yi magana mai tsawo, ya ɗaga yatsa ɗaya. Yatsan kaɗai na fahimta. Na ce wa Habu saura wasa ɗaya.

Jirgin ya zo, muka kwana biyu cikinsa tare da direbobin manyan motoci, muka sauka kusa da birnin Baku, a wata ƙasar kuma. A hanya Rustam ya tsaya ya nuna mana wani tudu da wuta ke ci a gindinsa, babu itace babu kara, ƙasa ce kawai ke ci, kuma aka ce ko ruwan sama ba ya kashe ta. Masu yawo suna ta hoto suna dariya. Habu bai matsa kusa ba. Ya ce, "Mushe, wannan tunatarwa ce, ba abin kallo ba."

Wasan ƙarshen a wani ƙauye ne cikin duwatsu, bikin ɗan wani mai hali. Mun makara a hanya, muka tarar fage ya cika, an gama kokawar yara, baƙo kawai ake jira. Habu ya zagaya bayan mota yana ɗaura layunsa, aka kira ni ni kaɗai. Alƙalin wasan dattijo ne mai farin gashin baki. Ya yi bayani, Rustam ya juya. Dattijon ya ga idona, da alama bai yarda da ni ba, sai ya maimaita. Ya dafa gwiwarsa, ya kaɗa yatsa. Ya sake maimaitawa a karo na uku. Na tsaya ina tunani: ko yana nufin gwiwa in ta taɓa an faɗi, ko yana nufin gwiwa ba komai ba ce. Ban sani ba, kuma na san ban sani ba. Da na ce a kira Habu ya ga hannun dattijon da idonsa, da ya gane cikin ƙiftawar ido, shi da ya ji tsohuwar Ciyatura. Da na roƙa a fara da wasu, ya kalla. Duk waɗannan sun zo mini a rai a lokacin, ba daga baya ba. Sai na gyaɗa kai, na dafa ƙirji.

Habu ya iso yana tsalle-tsallen ɗumama jiki. "Mushe, ina ake kamawa? Mene ne kaye? Me aka hana?"

"Kamar ta gida ce," na ce.

Abokin karonsa wani makiyayi ne mai suna Namik, dogo, hannuwa kamar taɓarya. Ba su daɗe ba. Habu ya ba shi kafaɗa, ya ja, ya sa masa ƙafa ta ciki, mutumin ya zube a kan gwiwoyi biyu da tafin hannu. A Magariya da tuni makaɗa sun ɓarke. Habu ya sake shi, ya dubi sama ya yi hamdala, ya miƙa masa hannun dama.

Namik ya kama hannun da hannu biyu, ya juya ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗaga Habu ta bisa kafaɗarsa ya maka shi a kan wuya. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye, irin ta busasshen kara in an taka. Fage ya ɗauki ihu, sai ihun ya mutu da kansa. Habu yana kwance, hannun yana gefe a wata irin karkata da hannu ba ya yi. Bai dubi Namik ba, ni yake nema cikin jama'a. Da na durƙusa kansa ya ce, "Mushe, ha'inci suka yi mana. Ya faɗi, kowa ya gani." 

A asibitin babban garin yankin aka mayar da kafaɗar, amma hannun bai motsa ba. Washegari Rustam ya bar fasfonmu a hannun wata ma'aikaciyar jinya ya yi ɓatan dabo, ko sallama babu. Kwana huɗu lokotoro, wato likita, yana zuwa yana nuna mini hoton ƙashi yana bayani, ina gyaɗa kai, in juyo in ce wa Habu ya ce da sauƙi. A rana ta biyar mai jinyar nan ta shigo da wani baƙin mutum mai furfura, sanye da kwat. Ya tsaya a bakin gado ya ce, "Salamu alaikum. Sannunku da jiki. 'Yan ina ne?"

Na fashe da kuka kamar yaro. Sunansa Injiniya Garba, mutumin Ɓaɓura, shekara ashirin yana aikin mai a ƙasar, matarsa 'yar can ce, maƙwabciyar mai jinyar. Habu ya ce, "Ɓaɓura? Ai kasuwarku muke ci!" Suka yi ta lissafa mahauta da dillalan shanu. Sannan Injiniya ya saurari lokotoro, ya zauna a bakin gadon ya faɗa wa Habu gaskiya: jijiyoyin da ke saukowa daga wuya zuwa hannu sun tsinke, sai dai wani ikon Allah. Habu ya dubi hannun ya daɗe, ya ce, "Da shi nake riƙe hauya."

Kashegari da hantsi Namik ya zo da mahaifinsa, ɗauke da zuma da cinyar rago. Habu ya juya fuska bango.

"Injiniya, tambaye shi. A garinsu haka ake yi? Ka faɗi, a ba ka hannu don a tashe ka, ka karya shi?"

Injiniya ya juya. Namik ya yi magana mai tsawo, hawaye na bin gemunsa, sau biyu yana nuna ni. Injiniya ya fara mayarwa: ya ce bai san hannun taimako ba ne, ya ɗauka wata dabara ce, don a wurinsu gwiwa ba kaye ba ce, ana ci gaba har sai kafaɗu biyu sun kwanta a ƙasa. Sai ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, na gane yana neman hanyar da zai rufa mini asiri.

"Injiniya," na ce, "faɗa masa yadda ya ce."

Ya yi gyaran murya. "Ya ce alƙali sau uku yana gaya wa malaminka, malaminka ya dafa ƙirji ya ce ya gane."

Habu ya juyo a hankali. Ban taɓa jin tsoron idon mutum ba sai ranar, kuma babu fushi a cikinsa.

"Mushe, ba ka ji ba?"

"Ban ji ba."

"Tun yaushe?"

"Tun Edirne. Tun ranar hanta."

"Ta Elista fa?"

"Sa'a ce."

Ya kawar da kai daga gare ni. Sannan ya ce wa Injiniya a gaya wa Namik babu komai tsakaninsu, kokawa ya yi ta garinsu, kuma ya iya. Ya ba shi hannun hagu.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. Ina zaune a kujera gefen gadon, in ya so ruwa sai ya nuna wa mai jinya. A na uku da la'asar na gan shi yana fama da buta, yana son wanke hannun hagu, babu hannun da zai cuɗa da shi. Na karɓi butar, bai hana ni ba. Ina zuba masa ruwa ya yi magana, idonsa a kan kwano.

"In mun je gida ba za ka faɗa ba."

"Habu, dole in gaya wa Iya. Amanarta ce na..."

"Ba za ka faɗa ba, na ce. Da ƙyar na sa mutanen nan suka saki yara. In suka ji Mushe ne ya yi wannan, ranar lakwal ta mutu, a mai da ajin garken awaki. Rabi tana son karatun nan. Za mu ce zamewa na yi."

"To ka yafe mini?"

"Zuba ruwan, Mushe. La'asar na wucewa."

Mutanen ƙauyen Namik da Injiniya Garba ne suka haɗu suka sa mu a jirgi. Mun iso gida an fara girbi. Gonar Habu ita kaɗai ce a jerinsu ciyawa ta fi gero tsawo. Iya Gambo ta shafa hannun tun daga kafaɗa har yatsu, ta ɗaga shi ta saki ya faɗi, ba ta yi kuka ba. Ta juyo wurina ta ce, "Mushe, Allah ya yi maka albarka. Da wani ne, da can ya baro mini shi. Ka riƙe amana." A gaban mutane ta faɗa, suka ce amin. Na so ƙasa ta tsage.

Shekara huɗu ke nan. Na nemi kada a canza mini lakwal, kuma kowace damina ni ke noma gonar Habu a lokacin babban hutu, mutane na cewa ba a taɓa yin malami mai kirki irina ba. Duk salla Dije tana aiko mini da zabi biyu, in ba maƙwabta in ce ba na cin zabo. Rabi tana kwaleji a Magariya. Shi kuwa Habu yana zama a rumfar masu igiya ranar kasuwar Sassumburum, yana tufka da hannu ɗaya da yatsun ƙafa, hannun daman ya shanye ya koma siriri a cikin aljihun rigar ɗan tsohuwar nan, wadda yake sawa da sanyi. Duk wanda ya zo gaishe shi, hagu yake ba shi, ya ce a yi masa gafara.

Ni kaɗai ne ba ya ba hagu. In na iso rumfar na yi sallama, sai ya ajiye igiyar, ya sa hannun hagu ya ciro na daman daga aljihu, ya ɗago shi ya aza a tafina. Sanyi gare shi, kuma ba shi da nauyi. Ya ce, "Mushe, ina kwana, ya yara?" Ban san ko yafiya ce ko tuni ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin tambaya ba. Nakan riƙe har sai ya ɗauke abinsa.